Ciyawar da Ke Bayan Zana

Shekarar da Baba ya rufe shagonsa na kayan keke a Sabon Gari, mun ɗauka zai zauna a gida ya huta, ya riƙa jan carbi a ƙofar gida yana amsa gaisuwa kamar sauran tsofaffin layinmu. Bai daɗe a zaune ba ya fara damun kowa. Ya gyara ƙofar da ba ta lalace ba, ya ce ɗanɗanon miyar Inna ya canja, ya kwance tsohuwar rediyonsa ya kasa mayar da ita yadda take. Inna ta gaji ta ce masa, don Allah Alhaji ka nemi abin yi kafin mu ma ka kwance mu. Abin yin da ya nemo shi ne shanu.

Muna da fili a bayan Samaru, gadon kakanmu. Gidajen haya na ɗalibai sun taso masa ta gefe guda, masu neman saye sun yi ta sintiri, Baba ya ƙi ko sauraronsu. Fili ne mai ɗan faɗi, ya faro daga tudu ya gangara zuwa wani kwari. Can ya kai 'yan shanunsa, waɗanda ba su cika yatsun hannu biyu ba. Wani ɗan'uwanmu da ke zaune a bakin filin shi ke duba su idan rana ta faɗi. Baba kuwa kullum da sassafe yana cikin adaidaita sahu, ya bi ta Palladan ya sauka a Samaru, da sandarsa da butarsa da ɗan abincin da Inna ta ƙulle masa. Duk direbobin hanyar sun san shi, har kujerar gaba suke ajiye masa.

A cikin shanun akwai wata tsohuwar farar saniya mai karyayyen ƙaho. Ita ya fara saya, kuma kowa ya ce masa an cuce shi. Da ita yake hira. Na sha isowa na tarar yana ba ta labarin tsadar kaya ko rashin jin maganar jikokinsa, ita kuma tana tuƙa tana kallon wani waje. Inna takan ce ita kaɗai ce mace a duniya da ba ta taɓa katse wa Alhaji magana ba.

Idan hira ta yi daɗi yakan nuna mini kwarin nan da sandarsa ya ce, lokacin yana yaro gamba ce cike da wurin, ta fi shi tsawo, har yakan shiga ya ɓace sai an bi muryarsa. Mahaifinsa da ita yake saƙa zanar gidansu, kuma a hannunsa shi ma ya koyi saƙar. Ina jin labarin ina kallon wurin, ƙasa ce ja a daddaɓe, ruwa ya yayyaga ta, sai tafasa da shanu ba sa ko shinshina. Ban taɓa ce masa ban yarda ba, amma ban taɓa iya hango gambar a raina ba.

Shanun ne suka ƙarasa filin. Baba yakan sake su tun safe su yi yawo duk inda suka ga dama. Da damina ciyawa na leƙowa su yanke mata kai, ta sake leƙowa su sake yankewa, har ta gaji ta daina. Kafin rani ya yi nisa babu abin da ya rage, sai ya kora su su tsallake titi, su nufi wata fadama mai nisa. A irin wannan tafiya gwiwarsa ta ƙi shi. Ya faɗi a cikin kunyar wata gona, ya kasa tashi, shanun suka kewaye shi suka tsaya, har wasu masu wucewa suka hango su suka zo suka ɗaga shi. Aka kawo mana shi gida babu hula, rigarsa duk ƙasa, yana ta tambayar wa ya mayar da shanun.

Yaya, babban wanmu, ya taho daga Kaduna. Mutum ne mai ladabi amma idan ya yanke magana ya yanke. Ya durƙusa a gaban Baba ya ce, "Baba, ku yi haƙuri da abin da zan faɗa. Ga damina nan tafe, a bar su su ci. Amma in rani ya shigo filin nan bai iya riƙe su ba, zan turo mota a kai su ƙauye wajen dangin Inna. Ba za mu zauna muna jiran a sake kwaso mana ku daga daji ba."

Baba ya ce, "To."

Na san wannan "to" ɗin. Irinta ya yi ranar da likita ya hana shi ɗaukar kaya mai nauyi, wadda ta kai ga rufe shagon. Yaya gaskiya ya faɗa, ban ga laifinsa ba. Amma na san shanun nan su ke tayar da Baba daga shimfiɗa da safe, su ke sa ya nemi hularsa. In aka tafi da su, rediyon da ya kwance ce kawai za ta rage masa. Tausayinsa ya kama ni har na kasa cin abinci a ranar.

Abin da ya sa na ga da sauran dabara shi ne wannan aikina ne. Ni malama ce a Samaru, ina koyar da ɗalibai da makiyaya yadda ake kiwo ba tare da an kashe ƙasa ba. Baba "Malamar ciyawa" yake kirana, wai duk karatun duniya na rasa abin karantawa sai abincin awaki. Da ya samu sauƙi na bi shi filin. Na tuge ciyawa biyu, ɗaya daga ƙarƙashin wata ƙaya inda bakin saniya ba ya kaiwa, ɗaya daga tsakiyar fili. Na karkaɗe ƙasar na miƙa masa. Ta ƙarƙashin ƙaya saiwarta ta kusa tsawon hannuna, ɗayar kuwa ba ta kai ɗan yatsa ba.

Na ce, "Baba, kun ga wannan gajerar? Duk lokacin da aka ci ganyenta, daga saiwa take ranto ƙarfin da za ta sake toho. In aka bar ta ta huta sai ta mayar. In aka sake cinye ta tun ba ta mayar ba, saiwar ce ke ƙanƙancewa har ta mutu. Ba yawan shanunku ne matsalar ba, rashin hutu ne."

Ya juya su a hannunsa ya daɗe yana dubawa. Ya ce, "Kamar taya ke nan. In gefe ɗaya ke cin titi kullum, ko sabuwa ce ba ta daɗewa."

Na ce haka ne. Na bayyana masa yadda za mu yi. Za mu raba tudun kashi-kashi, shanu su ci wannan kashi, su tattake shi, su zuba masa taki, sai a matsar da su gaba, kada su dawo sai ya farfaɗo. Kwarin kuwa, tunda shi ya fi jin jiki, za a rufe shi damina guda cur, in Allah ya sa ya yi ciyawa ita za ta riƙe su da rani. Ya yi tambayoyin da ko ɗalibaina ba sa yi, ya amince da komai. Na koma gida ina jin kamar an gama.

Igiya da turaka na sayo a Sabon Gari, wajen maƙwabcin tsohon shagon Baba. Mutumin kudu ne amma a Sabon Gari aka haife shi, Hausarsa ta fi ta wasunmu. Shi da Baba sun tsufa bango ɗaya ya raba su, shi yana rufewa ran Lahadi Baba ya duba masa, Baba yana tafiya masallacin Juma'a shi ya duba masa. Tun muna yara Baban shago muke kiransa. Ya ɗaure mini kayan ya ce in gaida masa Alhaji da amaryarsa mai ƙaho ɗaya.

Ruwa ya sauka, muka ja igiya. Na samo 'yan saiwoyin gamba daga gonar da muke koyarwa na daddasa a kwarin, muka jera duwatsu a bakin inda ruwa ke yaga ƙasa. Ba a jima ba wurin ya fara yin kore-kore, ɗan toho mai laushi kamar gashin jariri. Kullum na tashi daga aji sai na biya in duba shi, ina murna ni kaɗai.

Wata rana da la'asar na iso na tarar an aske shi tas. Ga sawun kofato ko'ina, ga saiwoyin gambata an tuttuge wasu an yar. Igiyar kuwa tana nan a ɗaure yadda na bar ta, ko sassautawa ba ta yi ba. Baba na zaune a gindin ɗorawa yana ta goge sandarsa da ba ta yi datti ba.

Na ce, "Baba, saniya ba ta iya kwance igiya ta mayar ta ɗaure."

Ya ce, "Ita kaɗai na ɗaga wa. Sauran ne ba su da kunya, suka biyo ta."

"Me ya sa kuka ɗaga mata?"

"Tsayawa ta yi a bakin igiyar tun hantsi. Ta kalli ciyawa, ta juyo ta kalle ni. Ta kalli ciyawa, ta juyo ta kalle ni. Ke da kin gani da kin ɗaga."

Na haɗiye abin da ya taso mini, na sake yin bayanin saiwa daga farko. Ya ce ya gane, kuma na san ya gane. Ya yi alkawari. Muka sake dasa gamba, toho ya sake fitowa, aka sake aske shi. Wannan karon ban haɗiye komai ba. Ni mai saurin fushi ce, a wajen Inna na gado, kuma fushin da ke haɗe da tsoro ya fi kowanne zafi. Na ce masa damina tafiya take yi ba jiranmu za ta yi ba. Na ce da hannunsa yake kiran motar Yaya.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce, "Malamar ciyawa, duk abin da kika faɗa gaskiya ne. Amma ni aka ba amanarsu. Dabba ba ta da baki. Ta ga abinci da idonta, ni na tsaya tsakaninta da shi, gobe in aka tambaye ni me zan ce? In ce 'yata ta ce saiwa? Alhaki ne. In haka za a yi ta yi, gara a kai su inda ba zan ga idonsu ba."

Ya faɗi haka yana kallon farar saniyar, muryarsa ta ɗan karye a ƙarshe. Na juya na tafi don kada in yi kuka a gabansa. A cikin adaidaita na yi kukana, direba yana ta satar kallona ta madubi.

Washegari na nufi Sabon Gari da niyyar sayen waya mai ƙaya. Na ƙudura zan kewaye kwarin da abin da tsoho mai ciwon gwiwa ba zai iya ɗagawa ba, in ya so ya yi fushi da ni. Baban shago ya ga fuskata ya jawo mini benci. Na zayyana masa komai, ina yi ina huci. Maimakon ya taya ni sai ya fashe da dariya har yana riƙe ciki.

Ya ce, "'Yata, waya ba za ta yi miki magani ba. Alhaji zai zo nan ya ari filaya a wajena ya yanke ta, ni kuma zan ba shi. Ke ba ki san ubanki ba ne. Zo ki gani."

Ya ja ni zuwa tsohon shagon Baba, wanda yanzu wani ke sayar da wayoyin hannu a ciki. Ya nuna mini ƙusoshi biyu a can ƙurya, sun yi tsatsa, ɗaya a wannan bango ɗaya a wancan.

"Kin san na mene ne? Labule yake ratayawa. Duk zamanmu da shi ban taɓa ganin ya ci abinci a bakin shago ba. In ya buɗe kwano wani ya wuce ya kalla, shi ke nan, sai ya kira shi. Masu dako, masu tura baro, har karen mai gadi. Sai ya tashi da yunwa, ya koma gida mamanku ta ɗauka ya cinye. Ni na gaji na ce, Alhaji, in ba za ka iya hana ido ba, to ka hana shi gani. Na buga masa ƙusoshin nan da hannuna. Daga ranar ya fara ƙoshi. Ba rowa ba ce, yana bayarwa fiye da kowa a layin nan. Amma a kalle shi a ce ba a samu ba, wannan ba ya iyawa."

Na tsaya ina kallon ƙusoshin. Sai na tuna abubuwan da na taso ina gani ban taɓa haɗa su ba. Da layya Baba bayan gida yake zuwa ya wasa wuƙa, don kada ragon ya gani. In Inna za ta shanya hatsi sai ya sa an kulle kaji tukuna, wai kada a yi ta korarsu suna kallo. Igiyata ba ta ɓoye komai ba. Na shimfiɗa wa shanu abinci a gabansu, na ɗora Baba a matsayin mai hanawa, na tafi aji na bar shi da idanunsu.

Ban sayi waya ba. Baban shago ya raka ni har inda masu zana ke zama, ya zaɓa mini masu kauri, waɗanda ko haske ba ya ratsa su sosai. Muka cika bayan wata tsohuwar akori-kura. Da muka sauke a filin Baba ya taso yana ɗingishi, ya shafa ɗaya ya ce saƙar ba ta yi ƙarfi ba, masu yin na yanzu sauri suke yi. Sannan ya tambaye ni gidan wa za a kewaye.

Na ce, "Kwarin za mu tare. Ba za su ƙara ganin abin da ke ciki ba. Ku ma ba za ku ƙara tsayawa tsakaninsu da shi ba, zana ce za ta tsaya."

Ya dubi zanar, ya dubi shanun, ya dube ni. Ya ce, "Wa ya gaya miki?"

Na ce, "Na ga ƙusoshi."

Ya kawar da kai yana murmushi, ya ce mutumin nan bakinsa ba ya riƙe magana tun suna samari.

Muka kafa ta daga wannan iyaka zuwa waccan, ta raba tudu da kwari. Muka ware wasu 'yan falle da za a riƙa matsarwa a kan tudun duk lokacin da aka canja wa shanu wurin ci. Muna cikin aiki na kasa haƙuri na tsokane shi. Na ce, "Baba, amma fa kun san suna da hanci. Za su ji ƙamshinta."

Ya ce, "Hanci tsakaninsu da Allah ne. Ni ido aka ba ni in ji tsoro."

Matsalar farko da muka samu ita ce shanun sun fara cin zanar kanta. Baba ya kwaɓa kashinsu da ruwa ya shafe ta, suka shinshina suka ja da baya. Bayan haka farar saniyar ta zo bakin zanar ta tsaya na ɗan lokaci, ba ta ga komai ba sai busasshiyar ciyawa mai wari, ta juya ta koma cikin 'yan'uwanta ta sunkuyar da kai. Ina kallon Baba a lokacin. Kafaɗunsa suka sauka, ya koma gindin ɗorawa ya buɗe abincinsa.

Ba zan ce komai ya tafi daidai ba. Da aka rage musu wurin yawo sai da suka ɗan faɗa, ƙashin bayan farar ya fito. Muka riƙa yanko musu ciyawar bakin hanya, Inna tana tara mana dusa. Akwai ranar da iska ta kwantar da rabin zanar, ni da ɗan'uwanmu muka yi ta fama a cikin ruwa muna tayarwa kafin shanu su farga. Amma a kan tudun aikin ya fara nunawa. Duk ɓangaren da suka bari ya huta, in aka dawo da su sai a tarar harkiya ta rufe ƙasa, ga takinsu ya narke a ciki. Baba da kansa ya fara cewa yau a matsar da su, sun isa haka, kada su kai ga saiwa. Na kawo ɗalibaina su gani. Wata ta dubi zanar da aka shafe da kashin shanu ta ce, "Ma, wannan fa ba ya cikin nots." Na ce ta rubuta shi yanzu.

Kwarin ne Baba ya ƙi leƙawa. Ni nakan zagaya ta baya in duba, in dawo bakina cike da labari, sai ya ɗaga hannu ya ce kada in gaya masa. Na tambaye shi dalili. Ya ce, "In na sani, za su gani a fuskata." Haka ya yi ta zama a gefen tudu duk daminar, abin da ya fi so ya sani yana bayan zana taku kaɗan daga inda yake, bai ko miƙa wuya ba.

Ruwa ya ɗauke. Aka girbe gonakin maƙwabta, muka roƙi kara da harawa muka tara a kan rumfa. Ciyawar tudu ta fara bushewa. Wata Asabar da safe Yaya ya iso, ya ajiye motarsa a bakin hanya ya tako da takalminsa mai sheƙi. Ya gaida Baba a durƙushe. Ya dubi tudun, ya dubi shanun, sannan ya ja ni gefe ya ce ya riga ya yi magana da mai motar da za ta kwashe su, jiransa kawai ake yi. Ya ce, "Ki gaya mini gaskiya, ba don ki faranta masa ba."

Na ce, "Yaya, ba zan ce komai ba. Mu je ka gani."

Baba ya ji mu. Ya tashi da sandarsa ya ce shi zai buɗe. Ya ce in riƙe masa shanun tukuna. Ya kwance igiyar da ta ɗaure falle ɗaya, ya ja shi gefe.

Gamba ce. Ba ta cika kwarin duka ba, akwai wuraren da ƙasa ke leƙowa, tafasa ma ba ta tafi gaba ɗaya ba. Amma daga inda muka jera duwatsu har zuwa ƙasan kwarin ta tashi tsaye, ta fitar da kai, kyasuwa ta cike tsakaninta. Wasu daga saiwoyin da na dasa ne. Mafi yawa kuwa ba ni na dasa ba, tsofaffin saiwoyi ne da ke kwance a ƙasa tun ban san lokacin ba, suna jiran a ƙyale su.

Baba ya matsa kusa. Ya miƙa hannu ya kama kara ɗaya, ya bi shi da ido har sama, ya fi shi tsawo. Sai ya jingine sandarsa a jikin zana ya shiga. Yaya ya yunƙura zai bi shi, ya ce gwiwar Baba fa. Na riƙe masa hannun riga. Muna tsaye muna ganin farar hularsa, can muka daina ganinta, sai kawunan gamba da ke motsi suna nuna inda ya nufa. Hawaye suka zubo mini, ban ma yi ƙoƙarin ɓoye su ba.

Yaya ya ce a hankali, "Kwarin zai kai su ƙarshen rani?"

Na ce, "In aka riƙa buɗe musu kaɗan-kaɗan, aka haɗa da kara da harawar da muka tara, zai kai su. Baba ba zai sake tsallake titi ba."

Daga cikin ciyawar muka ji muryar Baba, irin kiran da yake yi wa farar saniyar, da ɗan tafi a ƙarshe. Ta ɗaga kai ta miƙe kunnuwa. Na matsa mata. Ta taka zuwa bakin zanar ta tsaya, ta kalli ciyawar, ta juyo ta nemi wanda za ta kalla. Babu kowa a tsakaninta da ita. Ta shiga ta bi muryarsa.

Yaya ya bi ta da kallo. Ya ciro wayarsa ya dube ta ya mayar aljihu. Sannan ya taɓa zanar, wadda ruwa da rana suka cinye har ta fara zubewa, ya gyara murya ya ce mini, "Wannan ba za ta kai wata daminar ba. A ina kika ce ake sayar da su? Sai a sayo sababbi tun da wuri."

Ashe Baba na jin mu. Daga can cikin gamba, inda ba ma ganinsa, ya ɗaga murya ya ce, "Ba sai an saya ba. Ku miƙo mini lauje."